Louisville Thunder: Ƙungiyar da Ta Ɗauki Kofi Ta Rushe

Louisville Thunder ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta cikin zaure wadda ta yi zamaninta a birnin Louisville na jihar Kentucky, a Amurka, daga 1984 zuwa 1987. Kaka uku kacal ta buga, duka a ƙaramar gasar nan ta American Indoor Soccer Association, wadda aka fi sani da AISA. A kowace kaka sai da ta kai wasan ƙarshe, kuma duk sau ukun abokiyar karawarta ɗaya ce, wato Canton Invaders ta jihar Ohio. Ta sha kashi a karo na farko da na biyu, ta yi nasara a na uku, kuma daga ranar da ta ɗaga kofin ba ta sake buga wasa ba.

Wasan da ta buga ya bambanta da ƙwallon da aka saba gani a buɗaɗɗen fili, ya kuma bambanta da futsal da hukumar FIFA ke shirya wa gasa. A filin wasan hoki na ƙanƙara ake yin sa, bayan an shimfiɗa ciyawar roba a ƙasa, don haka tsawon filin bai wuce mita 61 ba, faɗinsa kuwa kimanin mita 26. Katangar katako da gilashi ce ta kewaye shi, kuma ƙwallo ba ta fita sai ta tsallake katangar. Ɗan wasa kan buga wa bango ƙwallo ta dawo masa bayan ya kewaye abokin hamayya, mai tsaron gida kuma dole ya lura da ƙwallon da ta kauce wa raga, domin takan daki bango ta dawo gaban mai kai hari nan take. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola. Ana buga zango huɗu na minti goma sha biyar, babu satar gida, kuma ana canja 'yan wasa ana cikin wasa ba tare da an tsaya ba, yadda ake yi a hoki. Wanda ya yi ƙeta sai alƙali ya fitar da shi na minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da mutum biyar. Idan lokaci ya kusa ƙarewa, ƙungiyar da ke baya takan cire golanta ta sa ɗan gaba a madadinsa. Da irin waɗannan dokoki ba abin mamaki ba ne a ci ƙwallo goma ko fiye a wasa ɗaya, kuma wannan yawan cin shi ne abin da masu gasar suka dogara da shi wajen jawo Amurkawa, waɗanda suka saba da wasannin da maki ke taruwa da sauri.

Tushen wannan salon a matsayin sana'a yana komawa ga watan Fabrairu na 1974, lokacin da ƙungiyar Red Army ta Mosko ta kara da Philadelphia Atoms a zauren Spectrum na birnin Philadelphia, a gaban 'yan kallo sama da 11,000. Baƙin ne suka yi nasara da ci 6 da 3, amma abin da ya tsaya a ran wani ɗan kasuwa mai suna Ed Tepper shi ne yadda jama'a suka ɗauki wasan. Shi da Earl Foreman suka kafa Major Indoor Soccer League, MISL, wadda ta fara da ƙungiyoyi shida a watan Disamba na 1978. Cikin 'yan shekaru gasar ta bunƙasa. New York Arrows ta lashe kofuna huɗu na farko a jere, Steve Zungul ɗan Yugoslabiya na zura mata ƙwallaye, St. Louis Steamers kuwa ta riƙa tara mutum sama da 17,000 a kowane wasa a kakar 1981 zuwa 1982.

A daidai lokacin da wasan zaure ke tashe, na buɗaɗɗen fili yana durƙushewa. Gasar NASL, wadda ta kawo Pele New York Cosmos a 1975 kuma ta kai ƙungiyoyi 24 a 1978, ta rage saura tara a 1984, sannan ta tsaya gaba ɗaya a farkon 1985. Tsohuwar American Soccer League ta riga ta rufe bayan kakar 1983. Sakamakon haka ƙwararrun 'yan wasa da yawa suka rasa wurin aiki, ga kuma samarin da jami'o'in Amurka ke yayewa duk shekara ba su da inda za su ci gaba. MISL ba za ta iya ɗaukar kowa ba, kuma manyan 'yan wasanta da yawa baƙi ne daga Turai da Kudancin Amurka. Wannan giɓin ne AISA ta zo cikewa a 1984. Bob Lemieux, tsohon ɗan wasan hoki da ya riƙe harkar wasanni a garin Kalamazoo na jihar Michigan, shi ne ya jagoranci kafa ta. Tsarin mai sauƙi ne: ƙananan zaure, albashi kaɗan, fifiko ga 'yan wasan gida, da garuruwan da ke kusa da juna yadda za a iya zuwa a bas. Ƙungiyoyi shida suka fara: Canton Invaders, Chicago Vultures, Columbus Capitals, Kalamazoo Kangaroos, Louisville Thunder da Milwaukee Wave.

Matsayin ƙaramar gasa a Amurka ya sha bamban da ƙaramin rukuni a Ingila ko Nijeriya, kuma wannan bambanci yana da hannu a ƙarshen Thunder. A can babu hawa babu faɗuwa. Ƙungiya kamfani ce da masu ita suka sayi gurbi a gasa, kuma ko ta lashe kofi sau goma ba za ta haura zuwa babbar gasa ba sai ta sayi wani gurbin. Ta nan kofi ya zama abin alfahari kawai. Ba ya buɗe ƙofar manyan abokan karawa, ba ya kawo kuɗin talabijin. Waɗanda ke haurawa su ne mutane: ɗan wasan da ya haskaka, ko kocin da ya nuna gwaninta, sai babbar gasa ta ɗauke shi.

Louisville, wanda ke bakin kogin Ohio, shi ne birni mafi girma a Kentucky, kuma gari ne na wasanni tun fil azal. Nan aka haifi Muhammad Ali a 1942, nan ake sukuwar dawakin Kentucky Derby a Churchill Downs tun 1875. Masu kafa Thunder suna da hujjar kyautata zato. A 1983, shekara ɗaya kafin zuwanta, ƙungiyar besbol ta Louisville Redbirds ta zama ta farko a ƙananan gasanni da ta tara 'yan kallo sama da miliyan ɗaya a kaka guda, abin da ya nuna mutanen garin suna biyan kuɗi su kalli ƙungiyar da ba ta babbar gasa ba. Sai dai besbol wasan lokacin zafi ne, ba shi da kishiya. Ƙwallon zaure kuwa a hunturu ake buga ta, daga Nuwamba zuwa farkon bazara, kuma hunturu a Kentucky na ƙwallon kwando ne. Ƙungiyar Jami'ar Louisville, Cardinals, ƙarƙashin koci Denny Crum, ta lashe kofin jami'o'in ƙasar a 1980, ga kuma ta Jami'ar Kentucky da ke Lexington mai ɗimbin magoya baya a duk jihar. Garin ya kuma taɓa ganin zakara ta mutu: Kentucky Colonels ta lashe gasar ƙwallon kwando ta ABA a 1975, aka rufe ta a 1976 lokacin da gasar ta haɗe da NBA ba tare da ita ba.

Gidan Thunder shi ne Broadbent Arena, zaure mai ɗaukar mutum kimanin 6,600 a harabar filin baje koli na jihar Kentucky. A cikin wannan harabar ce Freedom Hall take, inda Cardinals ke wasa a lokacin, mai ɗaukar kusan ninki uku na Broadbent. Girman Broadbent ya dace da ƙungiya irin ta AISA, domin mutum dubu biyu ko uku suna iya cika shi da amo, alhali a babban zaure da sun ɓace cikin kujeru. Amma maƙwabtaka da Freedom Hall tana nuna wa kowa matsayin sabuwar ƙungiyar a garin.

Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da Thunder shi ne Keith Tozer. Ɗan baya ne da ya yi wasa a jami'a a Oneonta ta jihar New York, kuma shi ne ɗan wasa na farko da aka zaɓa a zaɓen 'yan wasa na MISL a 1978, inda Cincinnati Kids ta ɗauke shi. Kids kaka ɗaya ta yi ta rushe, ya wuce Hartford Hellions, daga nan Pittsburgh Spirit. Ya iso Louisville a 1984 bai kai shekara talatin ba, aka ba shi aikin koci kuma yana buga wasa. Haɗa ayyukan biyu al'ada ce a ƙananan gasanni saboda tana rage albashi ɗaya, amma a ƙwallon zaure tana da wuya ƙwarai, domin canjin 'yan wasa kowane minti biyu ko uku shi ne rabin dabarar wasan, kuma wanda ke cikin fili yana haki ba ya ganin abin da na kan benci ke gani. Tozer ya iya, kuma a Louisville ne ya koyi aikin da ya yi suna da shi daga baya.

Kakar farko, 1984 zuwa 1985, ta nuna yadda ƙarfin gasar ya rabu. Canton ce a sama, Columbus da Louisville na bin ta, sauran ukun na fama a baya. Canton ƙaramin gari ne na masana'antu a arewa maso gabashin Ohio, kusa da Cleveland inda Force ta MISL ke cika zaure, don haka mutanen yankin sun riga sun san wasan kuma suna son sa. Invaders ta riƙe 'yan wasanta shekara da shekaru, irin su Kia Zolgharnain haifaffen Iran, Don Tobin, Oscar Pisano da Rudy Pikuzinski, kuma wannan dawwamar ce ta sa ta gagara. A wasan da bango ke cikin lissafi, sanin zauren gida da sanin inda abokin wasa zai tsaya ba tare da an duba ba sun fi gwanintar mutum ɗaya amfani. Da aka zo jerin wasannin ƙarshe na 1985, Canton ta doke Thunder ta ɗauki kofin AISA na farko.

Kaka ta biyu ta zo da ƙungiyoyi shidan nan, sai dai ta Chicago ta sauya suna zuwa Shoccers. Cikin 'yan wasan da suka sa rigar Thunder a waɗannan shekaru akwai Jim Gabarra, wanda daga baya ya buga wa Amurka a gasar Olamfik ta 1988, da Zoran Savic, mai cin ƙwallaye wanda ya zo daga MISL, da gola Rick Schweizer. Thunder ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1986, Canton ta sake doke ta. A ranar 31 ga Maris na wannan shekara Cardinals ta doke Duke da ci 72 da 69 ta lashe kofin jami'o'i karo na biyu, a daidai lokacin da kakar ƙwallon zaure ke zuwa ƙarshe. Hankalin garin da shafukan jaridunsa suna can. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe sau biyu a jere ta cancanci a kula da ita fiye da haka, amma ta faɗo a gari da lokacin da ba ta da yadda za ta yi gogayya.

Bayan kaka ta biyu gasar ta fara girgiza. Kalamazoo Kangaroos, ƙungiyar garin da aka haifi AISA, ta rufe, Columbus Capitals ma ta ɓace daga jadawali. Maimakon a ja da baya, shugabannin gasar suka faɗaɗa ta zuwa ƙungiyoyi takwas a kakar 1986 zuwa 1987, da shigowar Toledo Pride, Fort Wayne Flames, Memphis Storm da Tampa Bay Rowdies, aka raba su shiyya biyu. Rowdies tsohuwar ƙungiyar NASL ce mai suna, kuma zuwanta ya ɗaga darajar gasar. Amma ya karya ƙa'idar da aka gina AISA a kanta. Daga Louisville zuwa Columbus tafiyar kimanin kilomita 340 ce, zuwa Chicago kimanin 480, zuwa Canton kimanin 550, duk ana iya yin su a bas cikin yini. Tampa kuwa tana can jihar Florida, kimanin kilomita 1,400, kuma wannan na nufin kuɗin jirgi ko kwana a hanya, da ƙarin kuɗin masauki ga tawaga guda.

A 1987 Tozer ya bar Louisville ya karɓi aikin horar da Los Angeles Lazers ta MISL, ƙungiyar Jerry Buss mai Los Angeles Lakers a lokacin. Wannan shi ne tsarin ƙaramar gasa yana aiki yadda aka tsara shi, kuma ba wanda zai zargi matashin koci da ya samu kira daga babbar gasa. Ƙungiyar da ya gina ta tsaya da ƙafarta. Ta kai wasan ƙarshe karo na uku, ta sake haɗuwa da Canton, kuma a wannan karon ita ce ta yi rinjaye ta ɗauki kofin 1987.

Girman wannan nasara yana fitowa ne idan aka dubi jerin zakarun gasar. Kaka shida aka buga da sunan AISA, daga 1984 zuwa 1990. Canton ta lashe 1985, 1986, 1988, 1989 da 1990. Louisville Thunder ce kaɗai ta katse mata hanzari, kuma ta yi hakan ne bayan ta sha kashi a hannunta sau biyu, abin da ke nuna cewa gini ne na shekara uku ya kai ta.

Kafin kaka ta gaba ta fara, Thunder ta rufe. Ba ita kaɗai ba: Chicago Shoccers da Toledo Pride sun bi ta, Tampa Bay Rowdies kuma ta fice daga gasar. Rabin AISA ya tafi cikin 'yan watanni, aka shiga kakar 1987 zuwa 1988 da ƙungiyoyi huɗu, Canton, Fort Wayne, Memphis da Milwaukee, ba tare da mai riƙe da kofi ba.

Lissafin da ya kashe waɗannan ƙungiyoyi iri ɗaya ne. Kuɗin shigarsu daga tikiti yake, sai ɗan abin da 'yan kasuwar gari ke bayarwa na talla a jikin katanga da littafin wasa. Kakar tana da wasanni kimanin arba'in, rabinsu a gida, don haka darare ashirin ne za su biya albashin 'yan wasa da ma'aikata, kuɗin tafiya, inshorar rauni da hayar zaure. Ƙungiyar da ba ta mallaki zaurenta ba haya take biya, kuma takan samu ranakun da suka rage bayan manyan masu haya sun zaɓa. Tikitin ba ya tsada, tun da iyalai da yaran ƙungiyoyin unguwa ake so su zo. Idan 'yan kallo suka tsaya a dubbai kaɗan, kowace kaka asara ce, kuma masu ƙungiya ne ke cike giɓin daga aljihunsu har ranar da suka gaji. Ga kuma dogaro da juna, domin ƙarfe ɗaya ba ya amo: rushewar ƙungiya ɗaya tana tsawaita tafiyar sauran, tana rage abokan karawa, tana kuma sa mai sayen tikitin kaka ya yi shakkar ko gasar za ta kai baɗi.

Shekara ɗaya bayan haka irin wannan ta faɗa wa babbar gasar. A 1988 MISL ta rasa Chicago Sting, Minnesota Strikers, St. Louis Steamers da Cleveland Force, ita kuwa Force ta rufe ne bayan ta buga wasan ƙarshe a wannan shekarar kuma tana cikin masu tara jama'a mafi yawa. Lazers da ta ɗauke Tozer ta rufe a 1989, MISL kanta ta tsaya a 1992. Ƙaramar gasar ce ta fi babbar daɗewa. AISA ta farfaɗo da sababbin ƙungiyoyi irin su Dayton Dynamo, ta ɓullo da tsarin maki daban-daban ga ƙwallo gwargwadon nisan da aka buga ta a kakar 1988 zuwa 1989, ta sauya suna zuwa National Professional Soccer League a 1990, ta ci gaba har 2001. Rashin kashe kuɗi da yawa, wanda aka raina ta saboda shi, shi ne ya raya ta. Cikin ƙungiyoyi shida na farko, Canton ta koma Columbus a 1996 ta ƙare a can bayan kaka ɗaya, Milwaukee Wave kuwa tana nan har yau.

Abin da Thunder ta bari ya fi bayyana a mutanenta. Tozer ya horar da Atlanta Attack da Kansas City Attack, sannan ya riƙe Milwaukee Wave daga 1992 zuwa 2014 ya ci mata kofuna shida, ya daɗe yana horar da tawagar futsal ta Amurka, kuma a 2021 ya zama kwamishinan Major Arena Soccer League. Savic ya horar da Kansas City Attack ya ci kofi da ita, daga baya ya yi shekaru yana mataimakin koci a ƙungiyar Kansas City ta gasar MLS. Gabarra yana cikin tawagar futsal ta Amurka da ta zo ta uku a gasar duniya ta 1989 a Holan kuma ta biyu a 1992 a Hong Kong, sannan ya zama kocin ƙungiyar mata ta Washington Freedom. Tsakanin rushewar NASL a 1985 da fara MLS a 1996, ƙungiyoyi irin Thunder na cikin 'yan wuraren da Ba'amurke zai iya cin abinci da ƙwallon ƙafa, kuma mutane da yawa da suka gina wasan daga baya sun ratsa ta nan.

Broadbent Arena ta koma gidan ƙungiyoyin hoki na ƙananan gasanni, Icehawks daga 1990 sannan RiverFrogs daga 1995. Ƙwallon zaure ta dawo garin da Louisville Lightning, wadda ta buga daga 2009 zuwa 2012, ita ma kaka uku. Ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta samu gindin zama a Louisville ne a buɗaɗɗen fili kuma a lokacin zafi, inda ba ta karo da ƙwallon kwando. Louisville City ta fara wasa a 2015, ta lashe kofin USL a 2017 da 2018, ta koma filinta na Lynn Family Stadium a 2020, kuma ƙungiyar mata ta Racing Louisville ta shiga gasar NWSL a wannan filin a 2021.